Tsofaffin kayan wasan yara na roba: Yadda ake gane mai daraja da mai haɗari

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, a Kutama da sauran garuruwan ƙasar Gwarzo da Kabo, ba a rasa mai kayan wasa da ya shimfiɗa buhu a bakin kasuwa ya zazzage hajarsa: motoci da 'yan tsana da kacau-kacau da tarho na roba mai taya. Wasu sababbi ne ful a cikin leda. Wasu kuwa na gwanjo ne, an yi wasa da su a wata ƙasa shekaru da dama kafin su iso nan. Iyaye mata da yawa sun fi son na gwanjon, domin a ganinsu ya fi nauyi a hannu, ya fi ƙarko, kuma bai kai sabo tsada ba.

Akwai gaskiya a cikin wannan gani nasu, sai dai ba ita ke nan ba. Abin wasan da ya shekara talatin bai fashe ba yana iya zama mai ƙarko, kuma yana iya zama mai ɗauke da sinadarin da tuni aka haramta a ƙasar da aka ƙera shi. Yaron da ke rarrafe ko tatata kuwa ba ya wasa da ido kawai. Duk abin da hannunsa ya kai, bakinsa zai kai. Saboda haka yi wa irin wannan kaya kuɗi ya wuce batun ciniki, ya shafi lafiyar yaro.

Hanyar da kayan ke bi

Asalin kalmar gwanjo ciniki ne na wa zai ƙara, kafin ta zama sunan duk kayan da aka riga aka yi amfani da su. Kayan wasan gwanjo akasari daga Turai da Amurka suke fitowa, inda iyalai ke bayar da su idan yara sun girma. Ana tara su a ɗaure, su biyo jirgin ruwa zuwa tashoshi irin na Legas da Kwatano, sannan su iso manyan kasuwannin Kano irin su Ƙofar Wambai da Sabon Gari. Daga nan ƙananan 'yan kasuwa ke sara su kai kasuwannin karkara.

A kowane zango ana tsince masu kyau. Kafin buhu ya iso Kutama, hannu da yawa sun riga sun bi ta cikinsa. Abin da ya rage yakan zo babu kwali, babu takardar bayani, babu abin da zai nuna shekarun yaron da aka yi shi dominsa. Mai saye ba shi da madogara sai idonsa da hannunsa da hancinsa.

Daraja iri uku

Kafin a tambayi nawa ne, ya kamata a san wace daraja ake nufi, domin tsohon abin wasa yana da daraja iri uku, kuma ba lallai ne su haɗu a abu ɗaya ba.

Ta farko ita ce darajar wasa: shin za a iya miƙa shi ga yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu hankali kwance, kuma zai jure jifa da tauna? Ta biyu ita ce darajar ajiya, wato kuɗin da masu sha'awar tara tsofaffin kaya za su biya saboda shekarunsa da ƙarancinsa. Ta uku ita ce darajar kilo, wato abin da 'yan jari-bola za su bayar idan an ɗora shi a sikeli a matsayin roba da za a narkar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cakuɗa ta farko da ta biyu. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma roba ba zuma ba ce. Sau da yawa abin da ya fi tsada a wurin masu ajiya shi ne ya fi rashin dacewa da bakin yaro.

Yadda ake gane shekarunsa

A juya abin wasan a duba ƙarƙashinsa ko bayansa. Kamfanonin da suka san abin da suke yi sukan zana sunansu da ƙasar da aka yi kayan da lambar samfuri da wata shekara a jikin robar. Wannan shekara tana nuna lokacin da aka yi wa fasalin rajista ne, ba lallai ranar da aka ƙera wanda ke hannunka ba. Abin da aka rubuta wa 1972 ba zai girmi 1972 ba, amma yana iya zama na shekaru goma bayan haka.

Sunan ƙasa ma yana taimakawa. Abin da aka rubuta an yi shi a Jamus ta Yamma kusan koyaushe ya girmi haɗewar Jamus a 1990. Wanda aka yi a Hong Kong galibi na shekarun 1960 zuwa 1980 ne, lokacin da birnin ke kan gaba a duniya wajen fitar da kayan wasa, kafin masana'antun su koma cikin ƙasar Sin. Idan kuwa akwai adireshin intanet a jiki, to bai girmi tsakiyar shekarun 1990 ba.

Sanin tarihin manyan kamfanoni yana ƙara haske. An kafa Fisher-Price a 1930 a jihar New York ta Amurka, kuma da katako ya fara kafin roba ta shigo cikin kayansa a 1950. Kamfanin Mattel ya saye shi a 1993. Ƙananan mutum-mutumin nan nasa da ake kira Little People sirara ne a da, sai a 1991 aka sake musu fasali suka yi kauri, bayan koke-koke kan yadda suke iya maƙale wa yara a wuya. Don haka siraran su ne tsofaffi, su ne masu ajiya ke nema, kuma su ne bai kamata ɗan tatata ya taɓa ba. Kamfanin Lego na ƙasar Denmark kuwa ya yi wa bulonsa rajista a 1958, sannan a 1969 ya fito da Duplo, bulo mai girma da aka yi musamman domin ƙananan yara.

Abin da ido ba ya gani

Dalilin da ya sa shekaru ke da muhimmanci shi ne dokoki sun sauya. Amurka ta taƙaita dalma a fentin kayan yara a 1978. A watan Agustan 2007 Mattel ya janye kayan wasan Fisher-Price kusan miliyan ɗaya daga kasuwa saboda dalma a fentinsu, bayan makonni biyu kuma ya janye wasu fiye da miliyan 18 a faɗin duniya saboda ƙananan maganaɗisu da ke ɓallewa. Wannan na cikin abin da ya sa Amurka ta yi sabuwar doka a 2008, wadda ta rage dalmar da aka yarda da ita a fenti zuwa kashi 90 cikin miliyan, daga baya kuma ta jikin kayan yara zuwa kashi 100 cikin miliyan. Tarayyar Turai ita ma tun 1999 ta fara hana wasu sinadaran fitalet, masu sa roba laushi, a kayan da ƙananan yara ke sakawa a baki, ta kuma mayar da hanin na dindindin a 2005.

Janye kaya daga kanti ba ya nufin duk wanda ya saya ya mayar. Da yawa sun ci gaba da zama a gidaje, kuma babu abin da zai hana wasunsu shiga buhun gwanjo.

A 2018 Dokta Andrew Turner na Jami'ar Plymouth da ke Ingila ya wallafa binciken da ya yi kan tsofaffin kayan wasan roba guda 200 da aka tattaro daga gidaje da wuraren renon yara da shagunan kayan hannu. Ya samu dalma da kadmiyam da buromin da wasu sinadarai masu guba a cikin wasunsu, musamman masu launin ja da rawaya da baƙi, kuma ya nuna cewa wasu na iya narkewa su fita a cikin ruwa mai tsami irin na cikin ɗan Adam. A da, da kadmiyam ake haɗa wasu launukan ja da rawaya masu haske. Baƙar roba kuwa sau da yawa daga narkakkun kwankunan talabijin da kwamfuta take, waɗanda aka zuba wa sinadarin hana kamawar wuta.

Wannan matsala ta baƙar roba ba ta tsaya ga tsofaffin kaya ba. Wani bincike da ƙungiyar IPEN ta fitar a 2017 kan kayan wasa daga ƙasashe 26, har da Najeriya, ya gano irin waɗannan sinadarai a kayan da ake sayarwa a kasuwa. Don haka sabo mai araha wanda ba shi da suna ko adireshin kamfani shi ma abin a yi hattara da shi ne.

Mutanen Arewa ba baƙin gubar dalma ba ne. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara sakamakon ƙurar dutsen zinare mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Abin da ke cikin abin wasa bai kai wancan yawa ba ko kusa, kuma ba ya kisa farat ɗaya. Ɓarnarsa a hankali take: dalma na taruwa a jiki, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tana rage masa fahimta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Ba a gane ta da ido ko ɗanɗano, wanki ba ya fitar da ita daga jikin roba, sai na'urar gwaji ce ke tabbatar da ita. Tunda babu wannan na'ura a kasuwa, shekarun kaya da launinsa da yanayin fentinsa su ne ma'aunin da ya rage wa mai saye.

Gwajin da za a yi a bakin kasuwa

Ba a cinikin biri a sama. A karɓi abin wasan a hannu, a bi shi daki-daki.

A fara da girma. Ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka da Turai wani ɗan bututu ne mai faɗin santimita 3.17. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya an ɗauke shi mai iya shaƙe yaron da bai kai shekara uku ba. A gida, murfin kwalbar lemo ya isa misali: abin da girmansa bai wuce shi ba, kada a ba ɗan tatata. Ba abin wasan kaɗai za a auna ba, har da duk abin da zai iya cirewa daga jikinsa. A ja tayar mota, a murɗa idon 'yar tsana, a girgiza kacau-kacau a ga ko bakin haɗinsa ya fara buɗewa.

Sai a matsa robar da yatsa. Rana da zafi suna cinye ƙarfin roba, kuma kayan da suka sha ranar bazara a shimfiɗe a kasuwa sun fi saurin lalacewa. Alamominsa su ne koɗewar launi, fari ya koma ruwan ƙwai, ko wani gari-gari ya biyo yatsa idan an goga. Idan an lanƙwasa gefe kaɗan ya yi farin layi ko ya yi ƙara, to ya bushe, kuma ranar da ya fashe zai bar baki mai kaifi kamar reza.

Roba mai laushi, irin ta fuskar 'yar tsana ko agwagwa mai ƙara, akasari PVC ce. Idan tana danƙo ko maiƙo a hannu, ko tana wari mai hawa kai, sinadarin da ya sa ta laushi ne ke fitowa. Ko an wanke, zai sake tsatsowa. Irin wannan ba na yaro ba ne.

A duba ko akwai ɗan alwatika mai lamba a tsakiya, tsarin da aka fara a 1988. Lamba 2 da 4 da 5 su ne robobin da ba a cika samun matsala da su ba. Lamba 3 ita ce PVC. Lamba 6 tana da saurin tsagewa. Lamba 7 tarkace ce ta sauran nau'o'i. Yawancin kayan wasa ba su da wannan lamba, don haka rashinta ba laifi ba ne.

A kankare fenti da farce. Idan ya ɓantare ko ya bar launi a farcen, haka zai yi a haƙorin yaro. Abin da launinsa ke cikin jikin robar ya fi wanda aka shafa wa fenti a sama.

A nemi alamar da'ira ja mai fuskar jariri da 0-3 a ciki, an ja mata layi. Ma'anarta kada a ba wanda bai kai shekara uku ba. Haruffan CE kuwa shaida ce da mai ƙera kaya ke bayarwa da kansa cewa ya bi ƙa'idar Turai. Suna da amfani, amma ana buga na jabu, don haka ba su isa hujja su kaɗai ba. A Najeriya, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON ce ke da alhakin tantance kayan wasan da ake shigowa da su, a ƙarƙashin tsarinta na SONCAP, sai dai abin da ya zo tsirara a buhun gwanjo ba ya ɗauke da wata takarda da mai saye zai gani.

Batir da maganaɗisu

Waɗannan biyun sun cancanci a ware su, domin su ne ke iya kai yaro asibiti a rana ɗaya. Idan abin wasa na amfani da batir, dole murfinsa ya zama wanda sai da sukundireba ake buɗewa. Murfin da ya ɓata ko aka ɗaure da salatif aibi ne babba. Farin gari ko tsatsa a mazaunin batir alama ce ta tsohon batir ya zubar da ruwansa, kuma da wuya abin ya sake aiki yadda ya kamata.

Mafi haɗari shi ne ɗan batir mai kama da kwabo. Idan ya maƙale a hanyar abinci, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu kacal. Maganaɗisu kuma idan yaro ya haɗiye biyu ko fiye, sukan jawo juna ta cikin hanji har su huda shi. A duka biyun, kada a tsaya jiran a ga alama, kada a sa yaro amai, kada a ɗura masa manja ko jiƙo. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Gwarzo, a faɗa wa likita ainihin abin da ya haɗiya domin a ɗauki hoto, a tura shi Kano idan da bukata.

Yi masa kuɗi

Abin da ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje shi ne ake yi wa kuɗin wasa, kuma ma'auninsa farashin sabo ne mai inganci irinsa. A ce sabon ya kai Naira dubu goma: na gwanjon da ya cika, babu tsaga, babu koɗewa, kuma na sanannen kamfani ne, ya cancanci kaso mai kyau na wannan kuɗi. Kowane aibi sai ya rage wani abu. Amma akwai bambanci tsakanin aibin ado da aibin lafiya. Sitika da ta ɗaye ko ƙarzuwa a jiki dalili ne na neman ragi. Tsaga da danƙo da fenti mai ɓantarewa da murfin batir da ya ɓata kuwa ba na ragi ba ne, na fasa ciniki ne, ko da kyauta aka bayar.

Darajar ajiya tana da nata sharuɗɗan: sunan kamfani a bayyane, cikar dukkan sassa, sitika ta asali, launi bai koɗe ba, ba a yi masa gyara ko sabon fenti ba, kuma idan da kwalinsa na asali ya fi tsada nesa ba kusa ba. A nan ya kamata matasan da ke ganin farashi a waya su yi hattara. Kuɗin da mai kaya ya rubuta a eBay buri ne kawai. Wanda ake dubawa shi ne na abin da aka riga aka sayar. Yawancin waɗannan kaya miliyoyinsu aka ƙera, don haka kaɗan ne ke da tsada. Masu sayensu kuma suna Amurka da Turai, kuma kuɗin aikawa daga Kano sau da yawa ya fi kuɗin kayan. Duk wanda ya ce a biya shi wani abu tukuna kafin ya haɗa mutum da mai saye a waje, a yi nesa da shi.

Wanda ya faɗi a gwajin wasa, kuma ba shi da darajar ajiya, na sikeli ne. Kada a jefar da shi a bola inda wasu yaran za su tsinta, kuma kada a hura wuta da shi a murhu kamar yadda ake yi da leda, domin hayaƙin roba, musamman PVC, guba ne ga mai girki da goyon da ke bayanta. A cire batir kafin a bayar.

Bayan an kai gida

A wanke da sabulu da ruwa mai ɗumi, a goge lungunansa da tsohon buroshi, a ɗauraye, a shanya a inuwa. Kada a tafasa, domin zafi na lanƙwasa roba. Kayan da ake matsawa su yi ƙara suna da ɗan rami da ruwa ke shiga, cikinsu yakan yi funfuna inda hannu ba ya kaiwa. Idan an matsa baƙin ruwa ya fito, a rabu da shi. A riƙa sake dubawa lokaci-lokaci, domin abin da ke lafiya yau yana iya tsagewa bayan wata guda. A gidan da yara suke da yawa kuma, kayan wasan yayye su ne suka fi kaiwa bakin ƙanne, don haka a ware musu wurin ajiya.

Ga mai sarowa, wannan sani jari ne. Wanda ya ware buhunsa gida uku, na ƙananan yara da na manya da na sikeli, ya kuma faɗa wa uwa gaskiyar abin da ya dace da ɗanta, shi za a sake nema wata Sallar.

Ga iyaye kuwa, ƙa'idar mai sauƙi ce. Ɗan ƙasa da shekara uku a ba shi abu babba, dunƙulalle, mai suna a jiki, marar fenti, marar batir, wanda bai nuna alamar tsufa ba. Idan shekarun abu sun shige duhu kuma ja ne ko rawaya ko baƙi, a bar shi ga wanda ya daina kai abu baki. Idan ba a samu mai kyau ba, ƙaramar ƙwarya mai santsi da ludayi sun reni yara da yawa a Kutama tun kafin roba ta zo, kuma har yau suna nan a kowane gida.